Sigina a cike amma babu intanet: gano matsalar Wi-Fi a gini mai AP da yawa

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da masaukin baƙi mai hawa uku a wajen Titin Zoo a nan Kano. Da rawuta ɗaya muka fara, wadda kamfanin intanet ya kawo. Da ƙorafin baƙi ya yi yawa muka riƙa ƙarawa, yanzu na'ura biyar ce a ginin: ta kamfani a ofis, rawutoci biyu irin na gida, AP ɗaya na silin, wato na'urar watsa Wi-Fi, sai wata 'yar ƙarama da ake sokawa a soket don ƙara nisan sigina. Kowace da sunanta. Amma abin sai ƙara taɓarɓarewa yake. Waya ta nuna sigina a cike, shafi ya ƙi buɗewa. Mutum na cikin kiran WhatsApp, yana hawa bene sai ya yanke. Bayan isha'i komai ya yi nauyi. In aka ɗauke wuta aka tada janareta kuwa, sai an bi su ɗaya bayan ɗaya an kashe an kunna. Wani ya ce in sayo babban AP mai dogon zango, wani ya ce in sauya kamfani. Wanne zan yi?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Alhaji. Allah ya sa albarka a nema. Cikin biyun nan kada ka yi ko ɗaya tukuna, ka riƙe kuɗinka. Abin da ka lissafo ba ciwo ɗaya ba ne, huɗu ne, kuma ina kyautata zaton yawancinsu saiti kawai suke nema, ba sai an sayi ko ƙusa ba. Na jima ina wannan aiki a otal-otal da makarantu da ofisoshin garin nan, kuma babu abin da ke damuna kamar in ga mutum yana ɗora na'ura a kan na'ura alhali ƙarin ne ke haddasa rikicin. Na'ura uku da aka tsara tare sun fi biyar da kowace ke gaban kanta.

Layukan sigina da ke saman waya abu ɗaya kawai suke gaya maka: wayar tana jin AP. Ba su ce AP yana jin wayar ba. Ba su ce wayar ta samu adireshi mai kyau ba, ba su ce kebul ɗin da ke bayan AP lafiyarsa ƙalau ba, balle su ce intanet na zuwa daga kamfani. Tsakanin wayar baƙonka da waje akwai matakai shida: iska, AP, kebul, suwic (akwatin da kebul-kebul ke haɗuwa a cikinsa), babbar rawuta, sannan layin kamfani. Duk wanda ya zo maka da shawarar saye bai fara nuna maka matakin da ya lalace ba, canki-canka yake yi da kuɗinka.

Don gano matakin da ya lalace, a samo laftof da ɗan guntun kebul mai kyau. A kashe Wi-Fi na laftof ɗin, a haɗa shi kai tsaye da babbar rawuta ta ofis. A buɗe allon umarni na Windows ta hanyar rubuta cmd, a rubuta ipconfig, za a ga adireshin rawutar, yawanci 192.168.0.1 ko 192.168.1.1. Sai a buɗe taga biyu. A ta farko a rubuta ping, wato umarnin da ke tura ɗan saƙo yana jiran amsa, da adireshin rawutar, a ƙara -t a ƙarshe don kada ya tsaya. A ta biyu a rubuta ping 8.8.8.8 -t, wanda adireshin Google ne. A bar su suna gudu, musamman a lokacin da baƙi ke kuka. In ta farko tana amsawa ta biyu tana yankewa, laifin daga rawuta zuwa waje yake, a nan kake da hujjar kiran kamfani. In duka biyun suna tafiya sumul a kan kebul alhali na sama suna ƙorafi, kamfani ya fita, matsalar a cikin gininka take, kuma ko Starlink ka kawo, wadda ta shigo Najeriya a 2023, a cikin wannan rikicin za ta faɗa.

Daga nan a cire kebul, a koma Wi-Fi, a ɗauki laftof ɗin a zagaya ginin tagogin biyu na gudu. A kowane wuri a rubuta netsh wlan show interfaces. Zai nuna wata lamba mai suna BSSID, ita ce lambar AP ɗin da ake kai a daidai lokacin, tare da tashar rediyon da yake watsawa a kai da ƙarfin sigina. A wayar Android manhajar WiFi Analyzer na nuna irin wannan. A riƙe takarda da biro: ɗaki kaza, AP kaza, adireshin da aka samu kaza, amsa na zuwa ko tana yankewa. A Wi-Fi mai lafiya amsar rawuta ba ta cika wuce milisakan 10 ba. Kafin a gama hawa na uku takardar nan za ta nuna ko duk ginin ne ko na'ura ɗaya ce ke ɓata wa sauran suna.

Yanzu ga wanda na fi zargi, kuma a kansa zan daɗe, domin shi ne ke ba da sigina cike babu intanet. Kowace waya da ta shiga netwok sai an ba ta adireshi, an kuma gaya mata ƙofar da za ta bi ta fita waje. Tsarin da ke wannan rabo shi ne DHCP, kuma ƙa'idarsa mai rabo ɗaya ne a gida. Rawutocin nan biyu irin na gida da ka ƙara, kowace daga masana'anta ta zo da nata mai rabon a kunne, domin an ƙera ta ne ta zama ita kaɗai a gida. In wanda ya haɗa maka ya soka kebul a ɗaya daga cikin ramukan LAN, wato na haɗa na'urorin cikin gida, bai kashe DHCP ba, yanzu masu rabo uku ne a gininka. Waya ta shigo ta nemi adireshi, wanda ya riga amsawa shi take bi. In babbar rawuta ce, lafiya lau. In ƙaramar ce, sai ta ce wa wayar ta kaina za ki fita, alhali ita ba ta da hanyar fita. Shi ya sa mutum biyu za su zauna a kujera ɗaya, na wannan na aiki na wancan ya ƙi, an jima kuma abin ya juya. Daɗin daɗawa, rawutocin gida da yawa da adireshi iri ɗaya suke zuwa, sai ka tarar na'ura biyu ko uku duk suna amsa 192.168.0.1.

In kuwa a ramin WAN, wato na shigowar intanet, ya soka, intanet zai zo, amma kowace rawuta ta kafa nata ƙaramin netwok daban. Baƙo ya tashi daga hawa na ɗaya zuwa na biyu, adireshinsa ya sauya gaba ɗaya, kiran da yake yi dole ya katse ko ya daskare. Firinta ko na'urar POS da ke kan wata rawutar ma ba lallai kwamfutar ofis ta gan ta ba.

Gyaran ba shi da wuya. A cire kowace ƙaramar rawuta daga netwok, a haɗa ta da laftof ita kaɗai, a shiga saitinta. In tana da zaɓin zama AP kawai, kamar yadda sababbin TP-Link da yawa suke da shi, a zaɓe shi. In babu, a kashe DHCP, a ba ta adireshi tsayayye a jerin babbar rawuta amma wajen wanda ake rabawa, misali 192.168.1.2, ɗayar kuma 192.168.1.3, sannan a mayar da kebul cikin ramin LAN. A manna takarda a jikinta a rubuta adireshin. Bayan haka duk wayar da aka duba a ginin, ƙofar fitarta ta zama ɗaya tak. In aka ga wata da adireshin da ya fara da 169.254, ma'anarsa ta nema babu wanda ya amsa mata, ta ƙirƙiro wa kanta. Irin wannan a bi kebul ɗin AP ɗin da take kai, ko a duba ko adireshin rabawa sun ƙare.

Ƙarewar adireshi kuwa a masauki abu ne mai faruwa. Wasu rawutoci kimanin adireshi ɗari kawai suke rabawa in ba a taɓa saitin ba, wasu kuma suna riƙe wa kowace waya nata har awa 24 ko da mai ita ya kama hanyar Abuja tun safe. Sannan tun daga Android 10 a 2019 da iOS 14 a 2020, wayoyi suna nuna lambar shaida daban ga kowane sunan Wi-Fi. Da sunayenka biyar, waya ɗaya tana iya cin adireshi biyar in mai ita ya zagaya ginin. A faɗaɗa jerin ya kai ɗari biyu, a rage wa'adin riƙewa zuwa awa biyu ko huɗu.

Maganar janareta ma ina ganin jelar wannan ce. In wuta ta dawo, ƙananan rawutoci sukan riga babba tashi, ita kuwa sai ta ɗauki 'yan mintuna tana neman layin kamfani. A wannan tsakanin wayoyin baƙi duk sun haɗu, sun karɓi adireshi daga wanda bai kamata ba. Da yaranka suka bi suka kashe suka kunna, babba ta riga ta tsaya da ƙafarta, sai abu ya daidaita, a ce ai kashe-kunna ne magani. Akwai kuma na'urar da ke sandarewa in wuta ta yi ƙasa ta dawo a lokacin sauyi. Duk kayan nan ba su da cin wuta, ƙaramar inbata da batir ɗaya za ta riƙe rawuta da suwic da duka AP, su daina sanin an ɗauke ko an kawo. In akwai abin da zan ce ka saya a wannan makon, shi ne.

Sai yankewar kira a kan bene. Matakin farko, sunayen nan biyar su koma ɗaya. Suna ɗaya harafi da harafi, kalmar sirri ɗaya, nau'in tsaro ɗaya a kowace na'ura. Ka bar shi a WPA2 mai AES ko'ina. WPA3 ya fi tsaro, amma in wani AP na da shi wani babu, waya na iya ɗaukarsu netwok biyu daban, tsofaffin wayoyi da talabijin kuma wasu ba sa jituwa da shi. Muddin sunaye sun bambanta, waya ba za ta saki na ƙasa ba sai ya ɓace mata ɗungurungum.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba, ba AP ne ke yanke shawarar sauyawa ba, wayar ce. Ita ke duba siginar da take kai, in ya yi rauni ta nemi wani. Kamfanin Apple ya bayyana cewa iPhone ba ta fara neman wani AP sai sigina ya sauka zuwa -70 dBm, wato ma'aunin ƙarfin sigina, kuma in tana cikin aika bayanai sai sabon ya fi tsohon da 8 dB kafin ta koma. Wayoyin Android kowane kamfani da nasa ma'aunin. Lambobin nan da alamar ragi suke zuwa, wadda ta fi kusa da sifili ita ce mai ƙarfi: -45 kana gindin AP, -67 shi ne iyakar da masu aikin nan ke so don kiran murya da bidiyo, -80 kuwa sai dai a yi maneji. Duk raguwar 3 dB rabin ƙarfin ne ya tafi.

A nan shawarar babban AP mai dogon zango take rushewa. Ka ɗauki mai tallan magani da lasifika a bakin kasuwa. Kana can nesa kana jin sa tar, amma in ka yi masa tambaya daga inda kake ba zai ji ka ba, domin kai ba ka da lasifika. Wi-Fi magana ce ta kai da kawowa, kuma waya da ɗan ƙaramin eriya da batir take aiki, ƙarfinta bai kai na AP ba. In AP na ofis yana watsawa da dukkan ƙarfinsa, baƙo zai kai hawa na biyu wayarsa na jin sa a -65, ba ta ga dalilin sauyawa ba, alhali amsarta da ƙyar take ratsa dekin ta koma ƙasa. Ga AP a saman kansa ba ta kula shi ba. Don haka maganin kishiyar abin da aka ba ka shawara ne: a rage ƙarfi. Cikin zango biyun da AP ke watsawa a kai, a na 2.4 GHz a sa shi ƙasa, a 5 GHz a sa matsakaici, sannan a sake zagayawa da takarda. Abin da ake so, a inda siginar wani AP ya sauka kusa da -67 zuwa -70, na gaba ya riga ya fi shi a fili. Kan bene da lungun baranda su ne wuraren da za a fi tsayawa a auna. Na san rage ƙarfi yana yi wa mai gini wuyar yarda, ganin kuɗi ya biya don ƙarfin, amma gwaji ɗaya ya isa ya gamsar da kai.

Akwai ƙa'idoji uku da ke taimaka wa waya sauyawa da sauri, 802.11k da 802.11v da 802.11r. Na farko yana ba ta jerin AP na kusa, na biyu yana ba ta shawarar komawa wani, na uku yana gajarta tantancewa. Sai dai suna aiki ne in AP ɗin duk 'yan gida ɗaya ne ƙarƙashin manhajar kula ɗaya, irin UniFi ko Omada. A haɗin gambizar da kake da shi yanzu ba za su samu ba, kada ka ɓata lokaci nemansu.

Nauyin bayan isha'i yana da tushe biyu, kuma gwajin kebul na farko shi zai raba maka su. In a kan kebul ma gudun ya faɗi da dare, layinka ne ya cika. Lissafi ne: layi mai megabit 50 in mutum arba'in suka hau shi suna kallon bidiyo, kowa abin da zai samu bai fi ɗaya da 'yan kai ba. Abin da aka fi mantawa shi ne ɓangaren aikawa, wanda yawanci ya fi ƙanƙanta. Waya biyu ko uku da ke tura hotunan biki zuwa ma'ajiyar intanet, ko kyamarorin tsaro da ake kallo daga waje, sun isa su toshe shi, kuma in ya toshe har saukewa sai ta tsaya. A sa wa kowane baƙo iyaka, misali megabit 5 saukewa da 2 aikawa, in rawutar na da wannan damar. Irin aikin nan ne ke sa masu otal da yawa ke sa rawutar MikroTik a bayan na'urar kamfani.

In kuwa kebul na gudu Wi-Fi ne kaɗai ya yi nauyi, iskar ce ta cunkushe. A kowace tasha na'ura ɗaya ce ke iya magana a lokaci guda, sauran jira suke. AP biyu da ke tasha ɗaya kuma suna jin juna, layi ɗaya suke bi, ba ka ƙara komai ba sai masu jira. A zangon 2.4 GHz tashoshi uku ne kawai ba sa hawa kan juna: 1 da 6 da 11. Wanda ya sa nasa a 3 ko 9 yana ganin ya kauce wa cunkoso, ɓangare biyu yake damu, su ma suna damunsa. A sa hawa na ƙasa a 1, na tsakiya a 6, na sama a 11, faɗin tasha 20 MHz, kada a bar shi a 40. In AP sun fi uku, waɗanda za su maimaita tasha su zama mafi nisa da juna, ko ma a kashe 2.4 a wasu a bar musu 5 GHz kawai. Ba na son barin zaɓin tasha a kan otomatik a na'urorin gida, musamman a garin da wuta ke zuwa tana tafiya: duk suna tashi lokaci ɗaya, kowace ta saurara ta ji shiru, sai su faɗa tasha guda. Sannan a unguwa mai cunkoso kamar taku akwai na maƙwabta, ga MiFi da baƙi ke shigowa da su, ga masu raba intanet ta Wi-Fi daga wayarsu. Waɗannan ba ka da iko a kansu, shi ya sa ake tura duk wayar da za ta iya zuwa 5 GHz.

A 5 GHz fili ya fi yawa. Tashoshi 36, 40, 44 da 48 kusan kowace waya mai kama 5 GHz na ganinsu. Daga 52 zuwa 140 kuwa ana raba su da na'urorin rada, kuma ƙa'ida ce AP ya bar tashar nan take in ya ji alamar rada, wanda ke zubar da duk wanda ke kai na ɗan lokaci. In kana ganin yankewa ba gaira ba dalili a 5 GHz, fitar da shi daga wannan jerin ka gani. Faɗi kuma 40 MHz ya wadatar a masauki, 80 na cinye tashoshi huɗu a AP ɗaya.

'Yar ƙaramar nan ta soket, cire ta yau. Da rediyo ɗaya take karɓa take maimaitawa a tasha guda, don haka duk abin da ya bi ta kanta sau biyu yake cin iska, gudun ya ragu da kusan rabi, kuma lokacin da take ci daga rabon kowa ne. Galibi ma a ɗakin da sigina ya mutu ake soka ta, ta karɓi raunannen abu ta watsa shi da layuka cike. In wurin na buƙatar sigina, kebul za a ja masa.

Mazaunin AP ma a duba. Ginin Kano bulo ne da dekin mai rodi, ɗakunan masauki kuma ƙofofin ƙarfe, ga tayil da madubi a banɗaki. Sigina na 5 GHz bango biyu na bulo sun isa su raunana shi sosai, dekin kuwa ya fi haka. Don haka kowane hawa da nasa AP, a fili, a ƙasan silin, ba bayan talabijin ko cikin kabad ba. Kada a ɓoye shi cikin rufi don kwalliya. Rawutocin gida da yawa an rubuta musu iyakar zafi digiri 40, mu kuwa a Afrilu da Mayu inuwa ma tana kai haka, balle ƙarƙashin kwano da azahar. Na'urar da ke lafiya da safe ta riƙa sandarewa da rana, taɓa ta da hannu kafin ka zargi saiti. Ƙurar hunturu ma tana toshe ramukan shan iska, a riƙa kakkaɓewa.

Kebul shi ne abin da ba a gani, shi ya sa ake ha'inci a cikinsa. Iyakar tsawonsa mita 100 daga suwic zuwa AP. Silli takwas ne a ciki, gudun gigabit na buƙatar dukkansu. In ɗaya ya karye ko ba a matse kan da kyau ba, haɗin na iya faɗowa zuwa megabit 100 ko ya riƙa ɗaukewa yana dawowa, AP kuwa yana can yana watsa sigina cike. A duba fitilar suwic ko shafin saiti a ga gudun kowane rami. Akwai kebul mai arha wanda alminiyon ne aka shafa wa jan ƙarfe a sama. Kankare silli ɗaya da reza, in cikinsa fari ne, shi ne. Yana saurin karyewa, kuma in ta cikinsa ake tura wa AP wuta, wato PoE, ƙarfin na zubewa a hanya, sai AP ya riƙa mutuwa yana tashi daidai lokacin da mutane suka yi yawa a kansa. In za ka saya a Titin Beirut ko Farm Centre, ka ce Cat6 mai tsantsar jan ƙarfe kake so, ka kankare a gaban mai shago. PoE ɗin ma iri-iri ne: 802.3af na ba da wat 15.4, 802.3at na ba da 30, wasu tsofaffin AP kuma bolt 24 suke ci ba 48 ba. A karanta jikin na'ura kafin a soka. In kuma wata rana komai ya tsaya cak, fitilun suwic duk suna ƙyaftawa tare da sauri, a nemi kebul ɗin da wani ya soka kansa biyu a na'ura ɗaya ko ya zagayo da shi.

Wajen aiwatarwa, abu ɗaya za a riƙa sauyawa, a gwada, a rubuta, sannan a wuce na gaba. A fara da DHCP da adireshi, sai cire ta soket, sai haɗe suna, sai tashoshi, sai rage ƙarfi. In aka taɓa biyar a zama ɗaya abu ya gyaru ko ya ƙara lalacewa, babu wanda zai san dalili. A yi aikin da hantsi lokacin da ɗakuna ba kowa, a auna sakamakon da dare.

In an gama duk wannan takardarka ta nuna har yanzu akwai ɗakunan da sigina bai kai -70 ba, a lokacin ne saye ya zo. Ba babba ɗaya ba, matsakaita irin na silin, 'yan kamfani ɗaya, kowane da kebul ɗinsa zuwa suwic mai PoE, rawutocin gidan nan kuma a sallame su. Dogon hawa mai ɗakuna a jere sau da yawa biyu yake buƙata. Wanda zai haɗa maka, ka sa masa sharaɗi tun kafin a yi ciniki: zai zagaya ɗaki ɗaki ya auna a gabanka ƙofa a rufe, zai yi kiran bidiyo daga ofis har hawa na uku bai yanke ba, sannan zai bar maka takarda mai ɗauke da adireshin kowane AP, tasharsa, ƙarfin da aka sa masa, da kalmar sirrin shiga saiti. Kada ka cika masa kuɗinsa sai takardar nan ta shigo hannunka.